Jibin da Bai Kai Rido Ba

Duk wanda ya zauna a Kamazou a shekarun baya, in dai cocin Angalikan yake zuwa, ya san Malam Wilfred Yashim, ya kuma san ba a yi masa tambaya a tsaye. Ka tare shi a bakin coci bayan sujada ka ce, "Baba, wai ana iya yi wa jariri baftisma ranar Asabar?" sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya dube ka kamar ka ce ya ɗaga buhun masara da hannu ɗaya. "Zan duba," in ji shi. Bayan mako biyu, kai har ka manta ka yi tambayar, jaririn ma an yi masa an ci shinkafa an watse, sai ga Malam ya miƙo maka ambulan. A ciki shafi shida ne da rubutun hannu, ayoyi a jere a gefe, da abin da magabata suka ce, sannan can ƙasa abin da shi yake gani. Amsar ba ta wuce "e" ɗin da kowa ya zata tun farko, amma dai ta zo da rigarta da hularta.

Shi ba rabaran ba ne, bai taɓa sa farar kwala a wuya ba. Malamin sakandare ne, shekara talatin da biyar yana koyar da darasin addini har ya yi ritaya. Amma fastoci da dama a wannan ɓangaren na Kaduna, daga Sabo har Gonin Gora, a ajinsa na ranar Asabar suka fara koyon yadda ake kafa hujja. In Bishof yana son ɗan littafi cikin Hausa da za a raba wa ikilisiyoyi, a kan tabbatar da masu baftisma ko zakka ko jana'iza, Malam Wilfred ake aika wa. A Makera ake buga masa, a shagon Malam Abdulmalik, wanda ya daɗe da daina jin haushin gyare-gyarensa na ƙarshen lokaci. "Malam," yakan ce masa, "ka sake canza min wannan shafin sau ɗaya, wallahi katikis ɗin cocinku zan koma, don na haddace shi."

Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Ba ya shiga rigimar dattawa, ba ya neman kujera. Abu ɗaya ne dai: a wurinsa maganar da ba a rubuta ba iska ce. Wayar salula ma da 'ya'yansa suka saya masa, gaisuwa kawai yake yi da ita.

Yana da yaya mace, Celina, wadda ta girme shi da shekara bakwai. Ita ta goya shi a ƙauyensu lokacin da uwarsu take gona, ita kuma aka cire daga makaranta a aji uku don shi ya ci gaba. An ɗaura mata aure da Nicholas a tsakar gidan ubansu yadda ake yi a can: ango da abokansa sun yi wa surukai noma damina biyu, an kawo akuya da fartanya, dattawan gida biyu sun sa albarka, gari duka ya shaida. Daga baya suka taso zuwa Rido, inda Nicholas yake walda, yana liƙe wa direbobin tankar mai motocinsu kusa da matatar mai. Auren coci dai ba su yi ba. A lokacin ba wanda ya ɗauke shi da zafi. Wani fasto ya ba irinsu jibin Ubangiji, wani ya hana, wani kuma ya yi kamar bai gani ba.

Wannan rashin tsari ne ya sa a shekarar 1994 aka ce Malam Wilfred ya rubuta abin da zai daidaita kowa. Ya yi wata tara a kai, ya fito da ɗan littafi mai shafi talatin da biyu, bango shuɗi. A shafi na goma sha huɗu ya ce duk ma'auratan da ba a sa wa aurensu albarka a coci ba, ba za su ci jibi ba sai an yi sanarwar aurensu Lahadi uku a jere, an ɗaura shi a gaban bagade. Ba shi ya ƙirƙiro dokar ba, ya same ta tana yawo a bakin mutane. Abin da ya yi shi ne ya zaunar da ita cikin Hausa mai kyau, wadda ko fasto mai tausayi ba zai iya cewa bai gane ba.

Ya tuna da yayarsa yana rubuta shafin? Ya tuna mana. Lissafinsa shi ne Nicholas zai yi ƙorafi na wata ɗaya, sannan ya ɗinka kwat a yi biki. Bai san surukinsa ba ke nan.

"Farfesa," in ji Nicholas, don haka yake kiransa, "ni na ɗaura aure da yayarka a gaban ubanku. Ubanku ba mutum ba ne? In na sake ɗaurawa yanzu, to me ke nan muka yi shekara ashirin da wani abu muna yi a ɗaki ɗaya? Yaran nan biyar fa, me za a kira su? Abeg, ka bar ni."

Malam ya koma gida ya rubuta masa amsa shafi tara. Nicholas ya sa takardar a ƙarƙashin ƙafar bencin shagonsa, wadda dama take rawa.

Haka Celina ta yi shekara ashirin da biyar ba ta cin jibi. Ita ke sharar cocin Rido ranar Asabar, ita ke wanke ƙyallen bagade ta goge shi da dutsen guga na gawayi. A zumuntar mata ita ke tada waƙa. In an zo cin jibi, matan bencinta su tashi ɗaya bayan ɗaya, ita ta janye gwiwoyinta ta ba su hanya, ta ci gaba da waƙar har su dawo. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi wa ƙanenta maganar ba. Ta ma ajiye kwafin ɗan littafin a cikin kwanon da take adana zannuwanta, duk baƙon da ya zo sai ta fito da shi ta ce, "Wili namu ne ya rubuta." Wannan ya fi zagi yi masa zafi, shi ya sa ya rage zuwa Rido, sai Kirsimeti ko in an yi haihuwa.

A cikin watan Agusta na 2019 ciwon da ya daɗe yana cin ta a ciki ya kwantar da ita. Bayan kwana goma a asibiti likita ya kira Nicholas da babbar 'yarsu Hadassah gefe, ya ce su kai ta gida su kula da ita. Kowa ya gane. Ita ma ta gane, kuma abu ɗaya ta roƙa: ta ci jibi kafin ta tafi.

Ranar nan Nicholas, da ya yi shekara ashirin da biyar yana kafewa, ya sauko cikin awa ɗaya. Ya je gidan fasto da kayan aiki a jikinsa ya ce a ɗaura, ko a kan gado ne, ko yau. Faston Rido a lokacin saurayi ne, Rabaran Benson, wata huɗu da kawo shi, kuma ɗalibin Malam Wilfred ne na ajin Asabar. Ya san shafi na goma sha huɗu kamar sunansa. Sanarwa sai Lahadi uku, Celina kuwa ba wanda ya isa ya ce tana da Lahadi uku. Dattawan cocin da za su sa masa ido, da yawansu sun hana 'yan'uwansu jibi da shafin nan.

Litinin da safe ya hau babur zuwa Kamazou, ɗan akwatin da ake kai wa marasa lafiya jibi yana ɗaure a baya. Ya sami Malam a zaure yana shan koko.

"Baba, kai ka rubuta," in ji shi bayan sun gaisa. "Ni ba na neman takarda. Ka ce min kawai, 'Benson, je ka ba ta.' Duk dattijon da ya tare ni, zan ce wanda ya rubuta shi ya ce. Ga akwatin nan a kan mashin, daga nan sai Rido."

Malam ya ajiye kofin.

"Benson, mata nawa aka mayar baya da shafin nan?"

"Suna da yawa, Baba."

"Wasu sun mutu a haka. In yau na buɗe baki na ce a ba yayata, me zan ce wa 'ya'yansu? Za su ce dokar ta talakawa ce, da ta zo gidan Wilfred sai ta sunkuya. In shafin kuskure ne, kuskure ne ga kowa. Da rubutu na ɗaure shi, da rubutu zan kwance shi, a kai wa shugaban kwamitin dokokin coci ya sa hannu. Ka ba ni kwana biyu ko uku."

"Baba, jikin fa..."

"Celina tana da ƙarfi. Ka ba ni kwana uku."

Gaskiya a faɗe ta, maganar tasa ba ta banza ba ce. Akwai adalci a ciki, har da irin tsoron Allah da ba kowa ke da shi ba. Abin haushin shi ne ya ɗauka mutuwa ma tana bin tsarin kwamiti. Shi kuma Benson ya juya da akwatinsa ya koma, don bai saba yi wa malaminsa musu ba.

Da la'asar Malam ya shiga mota zuwa Rido. Ruwan Agusta ya lalata hanya, tankoki sun jeru cikin laka. Ya sami yayarsa a kan katifa a ƙasa, ta rame har sai da ya kau da kai kafin ya sake duba.

"Yaya, sannu."

"Wili, kai ne? Ka ci abinci?"

Ya zauna a bakin katifar ya gaya mata cewa zai gyara shafin, ba don ita kaɗai ba, don kowa. Ya fara yi mata bayanin hujjojin, ta saurara kamar yadda take sauraron wa'azi, tana gyaɗa kai ko ta gane ko ba ta gane ba.

"To yaushe Rabaran zai zo?" in ji ta.

"Yau ko gobe, Yaya. Da na gama sai ki gan shi a ƙofa."

"To. Ka yi shi da kyau. Kai ba ka aikin gaggawa."

Ya kuwa yi shi da kyau. Talata da Laraba bai fita daga ɗakin karatunsa ba. Ya zaro littattafan da gara ta fara ci, ya bi ayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da abin da ya kamata ya gani tun shekara ashirin da biyar: magabatan bangaskiya da yake koyar da tarihinsu, a gaban iyaye da dangi aka yi aurensu, kamar na Celina, ba wanda ya ce musu ba aure ba ne. Yana rubutu yana jin kunyar kansa, kunyar kuma sai ta ƙara sa shi tsawaita bayani. Shafi goma ya zama ashirin.

Laraba da yamma Hadassah ta kira shi. "Kawu, Mama yau ba ta iya tashi zaune ba."

"Ki gaya mata saura kaɗan."

Da ma ranar Alhamis zai gama, sai ya tarar akwai wata magana ta wani tsohon malamin ikilisiya da ya kawo daga ka, bai tabbatar da shafinta ba. Ba wanda zai lura, ko Bishof. Amma Malam Wilfred bai taɓa sa abin da bai gani da idonsa ba. Ya ɗauki laima ya tafi Gonin Gora wurin wani Kanon, babban fasto mai ritaya, da yake da littafin, ya tarar ya fita, ya zauna ya jira shi har bayan azahar. Juma'a ya tafi Makera, don kwamiti ba ya karɓar rubutun hannu. Malam Abdulmalik ya karanta sakin layin farko, ya ɗago kai ya tambayi wa ake yi wa wannan saurin. Da aka gaya masa, bai yi wasan da ya saba ba. Ya ture aikin katin biki da ke gabansa, yana dawowa daga masallaci ya zauna da kansa ya buga shafi ashirin da bakwai kafin magariba.

Asabar ƙarfe takwas na safe Malam yana gidan Akdikin, shugaban kwamitin. Mutumin ya karɓi takardar, ya duba kanta, ya juya zuwa shafin ƙarshe ya sa hannu a tsaye.

"Ba za ka karanta ba?" in ji Malam.

"Zan karanta, Baba. Amma mai ciwon ajali ai ba a tsayar da ita a kan sanarwa. Da ka buga min waya tun Litinin, da na ce wa Benson ya je. Kai ma ka san haka."

Ya sani. Shi da kansa ya koyar da hakan a ajin Asabar, shekara da shekaru. Bai dai taɓa rubuta shi a ɗan littafin ba, don haka a ransa bai zama doka ba.

Ya kira Benson, suka haɗu a mahaɗar hanya, ya hau bayan babur, takarda a cikin leda a ƙirjinsa saboda yayyafi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka shiga layin gidan. Tun daga bakin layin suka ji muryoyin matan zumunta, kuma ba irin waƙar da ake yi wa mai jinya ba ce. Benson ya kashe babur. Takalma sun cika ƙofar gida. Celina ta cika wajen ƙarfe tara.

Nicholas yana zaune a kan turmi a tsakar gida. Ya dubi ledar da ke hannun surukinsa, ya dubi akwatin da ke hannun Rabaran, ya matsa ya ba su wurin zama. Bai ce komai ba, ranar ko daga baya. Malam ya sha cewa da ma ya zage shi.

Takardar kuwa ta yi aikinta. Kwamiti ya zauna a kanta sau uku, shekara na zagayowa aka amince, aka sake buga ɗan littafin da sabon shafi na goma sha huɗu. Waɗanda suka san harkar sun ce a duk abin da Malam Wilfred ya rubuta babu kamarta. Ita ce kuma ta ƙarshe. Ofishin Bishof ya aiko sau biyu yana neman wani aikin, ya ce idanunsa sun gaji. Mutane suka yarda, tunda shekarunsa sun haura saba'in. Idanun nasa lafiyarsu lau.

Dalilin ya faro ne ranar da aka karanta sabon tsarin a cocin Rido. An gayyace shi, aka ba shi kujera a gaba. Da aka zo cin jibi, mutum goma sha huɗu da suka yi shekaru suna zaune suka tashi, yawancinsu tsofaffin mata, wata da sanda, wata tana kuka tana dariya. Bayan sujada suka kewaye shi suna sa masa albarka. A karo na farko tun jana'izar ya ji ƙirjinsa ya ɗan saki. Ya ce a ransa wataƙila kwana biyar ɗin nan ba su tafi a banza ba, wataƙila Celina ma da haka za ta zaɓa.

Da wannan ƙarfin gwiwar ya tare Hadassah a gindin mangwaron coci, ya yi mata tambayar da ya yi shekara guda yana riƙewa.

"Kwanakin nan na ƙarshe, ta yi fushi da ni?"

"A'a, Kawu. Ko kaɗan."

"Ki gaya min gaskiya."

Hadassah ta gyara ɗankwalinta. Ta so ta yi shiru, amma ya tsare ta da ido.

"Ka san mutanen da, ba sa cin jibi da abinci a ciki. Tun ranar da ka ce mata yau ko gobe, kullum da sassafe sai ta sa na wanke mata fuska, na ɗaura mata zanen zumunta. In na kawo kunu sai ta ce in rufe, kar Rabaran ya zo ya tarar ta karya. Maganin ciwon kuma ba a shan sa sai an ci wani abu, ga shi da safe ciwon ya fi tashi. Sai rana ta raba take cewa, to yau bai samu zuwa ba, kawo."

Malam ya dafa jikin bishiyar.

"Har ranar Asabar ɗin?"

"Har ranar Asabar. Na roƙe ta ko cokali biyu ta sha, ta ce in bari, Wili ya kusa gamawa. Da matan zumunta suka shigo, kunun yana nan a rufe, da ɗan ɗuminsa."